Wandon Yaron Inna

Duk wanda ya saba bin layin masu gwanjo a Agege ya san Aïchatou mai wandunan yara. Ba don surutu aka san ta ba, don ita kam sai ka gama ciniki da ita ba ka tantance muryarta ba. Wata ɗabi'a ce da ita mai ba maƙwabtanta dariya: ba ta taɓa shimfiɗa wandon jins a kan teburinta sai ta zura hannu cikin kowane aljihu. Matan layin suka ce kuɗin Turawa take nema. Ina! Abin da take samowa bai wuce ɗan yashi ba, ko busasshen ganye, ko ledar alewa, ko wani ɗan dutse mai santsi da wani yaro ya tsinta a wata ƙasa ya manta da shi. Sai ta riƙe abin a tafin hannu, idonta a kan titi amma ba motocin haya na danfo take gani ba. Yaron take gani, yana gudu a bakin wani ruwa da ba ta san sunansa ba, uwarsa tana ƙwala masa kira daga nesa.

Ranakun buɗe dilar gwanjo takan yi sammako zuwa kasuwar Katanguwa. Malam Ɗayyabu, dattijon da take sarin kaya a wurinsa, mutum ne da ba ya sayar da abu sai ya haɗa da labari. Shi ya gaya mata cewa asalin wannan yadi ba na gayu ba ne, na 'yan ƙwadago ne can Amurka, masu haƙar ma'adinai da masu aikin ƙarfi, shi ya sa aka buga masa 'yan ƙusoshi a bakin aljihu don kada ya yage. "Yanzu kuwa yara sun gaje shi," in ji shi, "kuma wallahi sun fi masu haƙar ba shi wuya." Aïchatou murmushi kawai ta yi, don ita abin da ya ja ta ga yadin daban ne. Kakanta marini ne a Madawa, ta tashi tana ganin hannuwansa sun rine da shuni har gwiwar hannu, kuma ranar da ta fara juya jins ta ga bayansa shuɗi cikinsa fari, sai ta ji kamar ta haɗu da ɗan garinsu a tasha. Shunin a saman zare yake zaune, shi ya sa duk inda yaro ya goga sai wurin ya yi haske. Da ta ɗaga wando ta san mai shi. Wannan mai jan gwiwa ne, wannan mai zamiya a kan dakali, wannan kuwa uwarsa ba ta barinsa ya fita, ga shi nan sabo fil, abin tausayi.

Duk wannan karatun wanduna, akwai yaro ɗaya da ba ta san yadda yake cinye nasa ba, shi ne wanda ta haifa da cikinta. Abdoulaye ɗanta ne na fari. Da aka yaye shi, Inna, mahaifiyarta, ta ɗauke shi kamar yadda ake yi a gidansu, ita kuma ta biyo mijinta Nassirou zuwa Legas, inda yake gadin wani kamfani a Isolo. A gidansu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ko tsayar da ido a kansa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Aïchatou ta riƙe abin da gaske. Ko a waya, in Inna ta kira, iyakarta ta ce, "Ina yaronki?" Inna ta ce lahiya lau, sai a wuce zancen gero da ruwan sama. Sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko tana ita kaɗai a ɗaki. Amma son yaron, Allah ya sani, yana nan zaune a ƙirjinta ya hana ta sakat.

Sai ta samo wa kanta dabara. A gidan hayar da suke, ɗakin da ke kallon nata na Kalsum ne, haifaffiyar Agege mai tuyar waina a ƙofar gida, wadda in ta fara magana da Hausa sai ta ratsa Yarbanci ta ƙare da Turancin buroka, kuma duk a numfashi ɗaya. Ɗan Kalsum na fari, Ridwanu, sa'an Abdoulaye ne. Duk shekara Aïchatou takan ware wando mafi kyau ta ba Ridwanu kyauta. In ya sa ya fita da gudu, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta bi bayansa da kallo, don ta baya yara duk kama suke yi. Takan ɗora masa ƙeyar wancan, ta mayar da lungun Agege rairayin Madawa, har sai ya sha kwana sannan ta dawo hayyacinta. Kalsum ta gano ta tuntuni, amma ba ta taɓa tona ta ba. Iyakarta ta ce, "Oya Ridwanu, yi tafiya a hankali, Antinka ba ta gama kallo ba."

A daminar bana yana ta rufe wa Inna idon hagu, Nassirou ya ce a kawo ta Legas a yi mata aiki. Da yake lakwal, makarantar yaron, tana hutu, sai ta taho da yaron ya riƙa ja mata hannu.

Ranar da suka iso, Aïchatou ta durƙusa ta yi ta jero wa Inna gaisuwa, da gajiya, da mutanen gida, da dabbobi, idonta a ƙasa. A ƙasan ne ta ga ƙafafu biyu cikin silifa, dogaye sirara, da wani tabo a idon sawun dama da ba ta san ranar da aka samu ba. Wata murya ta ce, "Sannu, Yaya." Haka ƙannenta suke kiranta a gida, shi ma haka ya taso yana ji. Ta so ta ɗaga kai, wallahi ta so, amma wuyanta ya ƙi. Sai ta juya wajen 'yarta ƙarama ta ce, "Mouna, kai wa baƙo ruwa." Baƙo! Kalmar tana fita ta ji kamar ta kamo ta ta mayar. Mouna ta kai ruwan ta dawo ta haye cinyar uwarta, uwar ta shiga gyara mata kitso don ta samu abin yi da hannuwanta, ƙafafun nan biyu kuwa suna nan tsaye a bakin tabarma ba su motsa ba.

To, ga inda abin ya zama abin dariya, in da mai ƙarfin dariyar. Aïchatou da ke auna ɗan kowa da kallo ɗaya, wadda iyaye mata ke turo wa yara su tsaya kawai ta jefo musu daidai su, ta kasa auna nata, saboda ba ta taɓa kallonsa daga sama har ƙasa ba. Abin da ta sani shi ne ƙafafun sun fi na Ridwanu tsawo. Sauran jikin da mafarki ta cika shi, a mafarkin kuwa yaron dogo ne, har ya kusa kai kafaɗar ubansa. Da wannan ma'auni ta tafi Katanguwa ta tsaya a kan dilar Malam Ɗayyabu har ta zaɓo wani wando mai shuni sosai, mai laushi kamar an yi shekara ana lallashinsa. Ta laluba aljihunsa ta tarar babu komai, ta ji daɗi, don yaron da kansa zai fara cika shi. Ta wanke, ta goge, ta naɗe a cikin mayafinta ta tsallaka ɗakin Kalsum.

"Ki ba yaron Inna," ta ce. "Ki ce ke kika saya masa."

Kalsum ta ajiye ludayin ƙullu. "Abeg, Aïcha, wane irin abu ne wannan? Ɗanki fa. Ga shi can a kan dakali kamar wanda aka bari a tasha. Miƙa masa ne zai gagare ki?"

"Inna tana ɗaki."

"To sai me? Cinye ki za ta yi?"

"Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Mu ma Hausawa ne, kakata har ta rasu ba ta faɗi sunan babana ba. Amma nan Legas ne, jare. Yaron nan ba kunya yake gani ba, mace yake gani mai juya masa baya."

Aïchatou ta dai tsaya da wandon a hannu, idonta ya ciko. Kalsum ta yi tsaki ta karɓa.

Ta bayan labule ta kalli abin. Yaron ya karɓi wandon da hannu biyu, ya juya shi, ya shinshina, ya shige bayan ƙofa ya sa. Da ya fito, ƙafafun wandon sun wuce yatsunsa sun kwanta a ƙasa, ƙugun kuwa sai da Kalsum ta ɗaure masa da igiyar zane. Shi ko a jikinsa. Ya nannaɗe su ya daka tsalle ya rungume Kalsum har ta kusa kifewa cikin tandar waina. Wannan ne karo na farko da Aïchatou ta ga fuskarsa sosai, ta cikin hudar labule, kuma fuskar tana dariya ne ga wata mace.

Daga ranar ya zama inuwar Anti Kalsum. Can yake ci, can yake wuni, shi da Ridwanu suna bin lungu suna kwaikwayon yaran danfo masu kiran Iyana Ipaja. Aïchatou ta dama fura irin ta gida ta ajiye inda zai gani, ta dawo ta tarar da ita yadda ta bar ta. Ta ce wa kanta ba komai, ai wandon yana jikinsa, kuma hannunta ne ya zaɓa. In tana zaune a bakin teburinta takan lumshe ido ta ga wandon bayan shekara, gwiwarsa ta yi fari da hawan itacen kanya, aljihunsa cike da aduwa. Mafarkin yana da daɗi, sai dai ita ba ta cikinsa, kuma ba ta lura ba.

Wata safiya tana wanki a bayan katangar famfo, sai ta ji muryarsa a ɗaya gefen, ya zo taya Kalsum ɗiban ruwa.

"Anti Kalsum, Inna ta ce Yaya ce ta haihe ni. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne mana."

"To mi na yi mata?"

"Ba ka yi mata komai ba. Kunya ce irin ta ɗan fari, ka ji? Al'ada ce."

Ruwa yana ta zuba cikin bokiti. Sannan ya ce, "Ke ma ai Ridwanu ne ɗanki na fari, kuma kina kiransa, har kina goya shi da wasa. Ita Mouna kaɗai take so. Ni ko kallona ba ta yi." Ya ƙara da cewa, "Da ke kika haihe ni."

Aïchatou ta tsaya da hannuwanta cikin kumfa. Babu abin da ya taɓa yi mata ciwo kamar wannan magana, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi, don duk abin da yaron ya faɗa shi ya gani da idonsa. Komawarsa gida shi da Inna ta matso. In ya koma Madawa da wannan a ransa, da shi zai girma, kuma babu waya ko saƙon tsaraba da zai cire shi.

Da la'asar ta zauna kusa da Inna, wadda aka riga aka yi wa aikin, tana kishingiɗe da auduga a manne a idonta. Aïchatou ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen magani, ta yi zancen mota, sannan ta ce a hankali, "Inna, yaronki yana ganin kamar ba a son sa a gidan nan."

"Zai gane in ya girma," in ji Inna. "Ni ma haka na yi da yayanku. Har wanga lokaci ban taɓa hwaɗin sunansa ba, kuma ga shi ya zama mutum."

"Ya gane ɗin?"

Yayan nasu ya tafi ci-rani tun yana saurayi, ya yi aure a can nesa, in ya kira waya ma da ƙannensa yake hira. Tsohuwar ta juya fuskarta wajen bango. Wani ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin audugar, ta goge da bakin zane ta ce maganin lokotoron nan zafi gare shi.

Ranar tafiya aka tashi da yayyafi. An ɗaure kaya, Nassirou ya fita neman keke mai ƙafa uku da zai kai su tashar motocin Arewa, Kalsum ta shigo da ƙullin waina na guzuri. Yaron ya sa wandonsa, ba ya ma yarda a raba shi da shi. Amma naɗin ya warware, ƙafafun sun sha taɓon tsakar gida, bakinsu har ya fara tsefewa saboda taka su da yake yi. Inna ta dube shi da idonta mai lafiya ta ce, "Wanga wando zai ka da kai a bakin mota. Kalsum, ɗauko almakashi a rage shi."

"Kada a yanke," in ji Aïchatou.

Duk suka juyo, don ba su saba jin ta sa baki a zancen yaron ba. Ita kanta ba ta san lokacin da maganar ta fita ba. "Jins ɗin yaro ba a yanka shi," ta ce, tana duban ƙasa. "Kalmashe shi ake yi ta ciki a ɗinke. In ya ƙara tsawo sai a kwance a sake masa." Ta ɗauko allura da zare daga cikin gwangwani ta miƙa wa Kalsum.

Kalsum ta ɗaga hannuwanta biyu, duk mai. "Ni ban iya ba o. Ko maɓalli ban taɓa ɗinkawa ba." Ƙarya take yi, kowa a gidan ya san ita ke ɗinke wa Ridwanu kayan makaranta, amma ta tsaya a kan ƙaryarta ba ta ko ƙifta ido ba.

Aïchatou ta durƙusa a gaban ɗanta. Ta kama bakin wandon ta matse ruwan, ta fara naɗe shi ciki. Yatsunta suka taɓa idon sawunsa, ta ji ɗumin fatarsa, rabonta da wannan ɗumi tun yana goye a bayanta. Yaron ya fizge ƙafarsa ya ja da baya.

"Ki bari, Yaya. Anti Kalsum ce ta ba ni, kada ki ɓata mini."

Ta sake miƙa hannu, ya sake matsawa har bayansa ya taɓa bango. Ba fushi ne a muryarsa ba, tsoro ne, irin wanda yaro ke ji in baƙuwa ta taɓa abin da yake so. A waje aka ji kukan keke ya tsaya a ƙofar gida, Nassirou yana cewa a fito da kaya. Aïchatou ta ji numfashin mahaifiyarta a bayanta, ta ji duk matan gidansu, rayayyu da matattu, sun cika ɗan ɗakin nan suna kallonta. Ta ɗaga kai ta dubi fuskar yaron, ido cikin ido.

"Abdoulaye," ta ce. "Tsaya."

Inna ta kai hannu ta rufe bakinta, sai kuma ta sauke hannun a hankali. Yaron ya waiwaya wajen Kalsum, ya waiwaya wajen Inna, yana neman wadda ta kira shi. Da ya ga babu, ya sunkuyo ya dubi matar da ke durƙushe a gabansa.

"Ashe kin san sunana?"

Hawaye ya hana ta ganin kafar allura. Ta goge da bayan hannu, ya sake cikowa. "Na sani," ta ce. "Na riga ka saninsa. Miƙo ƙafarka, Abdoulaye."

Sannan ya ɗaga ƙafar ya ɗora a kan cinyarta, da taɓon da komai. Da ya ji zai faɗi, sai ya miƙa hannu ya dafa kanta. Nassirou ya leƙo yana cewa mai keke yana sauri, Inna ta ce masa mai keke ya jira. Aïchatou ta soka allura ta fara ɗinki ƙanana-ƙanana, a hankali, hannun ɗanta yana kan ɗankwalinta, kuma ba ta yi niyyar gamawa da wuri ba.